Gado ɗaya a Legon

Wannan makon na yi niyyar ci gaba da maganar bashin kaka da muka fara, sai ga saƙo daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Ashaiman, ya sauya mini hanya. Ta ce 'yarta ta samu gurbin karatu a Legon, maigidanta ya ce karatu dai a yi, amma kwana a makaranta bai yarda ba, yarinya ta riƙa shiga trotro da safe ta dawo da yamma. Ta ce in gaya mata tsakanina da Allah, kuɗin gadon nan asara ne ko kuwa da amfani. Hajiya, sau uku na karanta saƙonki, domin shekara uku da suka wuce wannan rigimar ce ta hana a ci tuwo da daɗi a gidana kusan wata guda. Kuma a lokacin ni ne a kujerar maigidanki.

Ga masu karanta mu daga Lome, Kwatano, Abijan ko Duwala, Legon sunan tudun da babbar jami'ar Gana take kai ne, kimanin kilomita 13 daga tsakiyar Ankara (Ankara tamu ta bakin teku nake nufi, ban da ta Turkiyya). A 1948 aka kafa ta, shekara ɗaya da ta Ibadan, lokacin ƙasar na amsa sunan Gwalkwas. Kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Landan, can ake tabbatar da jarrabawa, can digiri ke fitowa. Da farko ma Turawan mulki sun so a yi kwaleji ɗaya tal a Ibadan ta ɗauki duk ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma, mutanen Gwalkwas irin su J. B. Danquah suka ce ba su san zancen ba, za su yi tasu ko da kuɗinsu. A Achimota ta fara zama kafin ta hau tudun Legon, a 1961 kuma ta tsaya da ƙafarta ta zama cikakkiyar jami'a, Kwame Nkrumah ne uban jami'a na farko.

Ni gidana a Madina yake. Daga ƙofata zuwa ƙofar jami'a, in hanya ta yi kyau, rabin awa ma ba a yi. Saboda haka ranar da 'yata ta biyu ta zo da takardar samun gurbi tana tsalle, ta ce Baba sai a yi sauri a nemi gado kafin su ƙare, dariya na yi. Na ɗauko biro na yi lissafi a bayan kwali kamar yadda muka saba a kasuwa: ga kuɗin gado na shekara, ga kuɗin abinci tunda tukunyar gida ba za ta bi ta can ba, ga katifa, ga bokiti, ga ƙaramin risho. A ɗaya gefen kuma kuɗin trotro zuwa da dawowa. Ko yaron shago ya ga wannan lissafin ya san inda riba take. Ga shi shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba, ba a daɗe da mayar da kasuwarmu ta albasa Adjen Kotoku ba, ciniki bai gama zama ba.

Yayana, wanda shi ya kawo ni ƙasar nan, bai ma tsaya kan kuɗi ba. Ya ce, “Kai yanzu 'ya mace za ka ɗauka ka kai ta kwana cikin mutanen da ba ka san iyayensu ba? Gobe wa zai zo neman aurenta? Me za ka ce wa mutanen gida in labari ya kai Galmi?” Na ce, “Yaya, ai ni ma ban yarda ba.” Muka rufe magana a tsakaninmu mu biyu, kamar yarinyar ba ta da uwa.

Uwar kuwa ba ta yi gardama ba, sai da ta bari kwana biyu suka wuce. Ina shan koko da safe ta zauna ta ce, “Alhaji, in tambaye ka mana. Ranar da ka fara sauka Ankara da buhunka goma sha biyu, a ina ka kwana?” Na ce a zauren maigidanmu, ke ma kin sani. Ta ce, “Da wa da wa?” Na fara lissafa mata su. Ina cikin lissafi na ji kunya ta kama ni, domin duk wanda na ambata, yau ko dai abokin cinikina ne, ko wanda ke ba ni kaya bashi ba takarda, ko wanda ya tsaya mini ranar da motata ta kwana a kan iyaka albasa na neman ruɓewa. Ɗaya daga cikinsu ma shi ya yi mini waliyyi a aurenta. Ta ce, “To da a ce kana da inda za ka riƙa komawa ka kwana kai kaɗai, da safe ka zo kasuwa ka sayar ka tafi, da ka san su?” Ta kwashe kwanuka ta bar ni.

Wannan tambayar ce ta sa na sake duban abin. Mu fatake mun fi kowa sanin darajar masauki. Tun zamanin da kakanninmu ke bin hanyar Gwanja neman goro, baƙo in ya isa Salaga ko Kumasi gidan maigida yake sauka. Maigida ya ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi, in rigima ta taso ya shiga tsakani. Tabarmar da aka shimfiɗa maka a zaure ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da ka samu. Amana ake ƙullawa a wurin, kuma ita amana sai an ci tare, an yi rashin lafiya tare, an ga halin juna da tsakar dare. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne 'yan boko ma suna da nasu zauren, kuma da gangan suka gina shi.

Waɗanda suka tsara Legon sun kwaikwayi tsofaffin jami'o'in Ingila ne, inda gidan kwanan ɗalibi yake kamar unguwarsa: da shugaban gida, da malamai masu kula da ɗalibai, da ɗakin cin abinci, da ɗakin karatu, da majalisar ɗalibai da ake zaɓa kowace shekara. Manyan gidaje biyar aka fara da su. Na farko shi ne gidan Legon a 1952, na biyar gidan Mensah Sarbah a 1963, wanda aka sa wa sunan wani lauya ɗan kishin ƙasa. A tsakaninsu akwai Akuafo, da Commonwealth na maza zalla, da Volta na mata zalla. Kalmar Akuafo a yaren Akan manoma take nufi, an sa sunan ne don godiya ga manoman koko da kuɗinsu ya shiga ginin jami'ar. Duk lokacin da na wuce gaban gidan nan nakan tuna cewa a gonakin kokon nan akwai gumin 'yan ci-rani daga arewa, Mosawa da Zabarmawa da Hausawa, masu sassabe da masu dako. Sunansu ba ya jikin bango, amma jikokinsu ba baƙi ba ne a wurin.

Tsofaffin ɗaliban farko suna ba da labarin ɗaki ɗaya mutum ɗaya, da sanya alkyabba a je cin abincin dare, malamai a babban tebur can sama. Wancan zamanin ya wuce. Yau ɗalibai sun ninka, ɗaki ana haɗa mutane da yawa, ga kuma masu raɓewa a ɗakin abokai ba da izini ba, waɗanda a turancin ɗalibai ake kwatanta su da tsuntsu a kan reshe. An gina sababbin gidaje can nesa da tsakiyar makaranta, na Hilla Limann da Alexander Kwapong da Elizabeth Sey da Jean Nelson Aka, ɗalibai kuma don tsiya suka laƙaba wa yankin suna irin na mazauna ƙasar waje. Da 'yata ta gaya mini na ce to, ashe a cikin jami'a ma akwai 'yan zango.

Abin da bai canza ba shi ne yadda mutum ke ɗaukar gidansa har tsufa. Ka tambayi wani babban ma'aikaci a ƙasar nan inda ya yi karatu, in ya ce Legon, tambaya ta biyu da ɗan'uwansa zai yi masa ita ce wane gida. 'Yan Commonwealth su suka fi kowa zafi a wannan. Gidansu na saman tudu, jan kaya suke sawa, suna kiran kansu Vandal, sunan da a Turanci maɓarnaci yake nufi amma su suka ce kowane harafi a cikinsa wata kyakkyawar ɗabi'a ce. Tsofaffinsu suna da ƙungiya mai ƙarfi, za ka ga dattijo da furfura ya sa jar riga ya zo makon bikin gida yana waƙa da yaran da ya haifi iyayensu. John Mahama ɗan gidan ne, ya gama digirinsa na tarihi a 1981. John Atta Mills da Nana Akufo-Addo ma duk Legon suka yi. Shugabannin ƙasa uku ke nan a jere daga tudu ɗaya. Akwai ma wani gidan kwana, Jubilee, da tsofaffin ɗalibai suka tara kuɗi aka gina don tunawa da cikar jami'ar shekara hamsin a 1998.

Na ga amfanin wannan zumuncin da idona tun kafin maganar 'yata, sai dai ban fahimta ba a lokacin. Wata shekara wani abokin cinikinmu ya shiga rikicin haya, mai shago ya karɓi kuɗin shekara biyu ya kuma ba wani wurin. Bawan Allah ya yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ba ya jin Turanci sosai, ba ya jin Twi, kowa na tura shi gaba. Sai ɗan maƙwabcinmu da ya gama Legon ya zo gaishe mu ya tarar da zancen. Ya ce, “Baba, ku ba ni takardun in gani.” Ya ɗaga waya ya kira wani da suka yi ɗaki ɗaya shekara biyu, wanda yanzu lauya ne. Ko sisi ba a ba kowa ba, ba a kuma karya doka ba. Lauyan ya gaya mana kotun da ta dace, da takardar da za a rubuta, da abin da bai kamata mutuminmu ya sa wa hannu ba. Cikin wata biyu kuɗinsa suka dawo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda lauyan ya ɗauki waya a ƙara na farko, da irin sunan tsokanar da ya kira yaron da shi. Irin wannan ba a samunsa a aji mai mutum ɗari biyar.

Akwai kuma abin da ya fi rikicin haya girma. Duk wanda ya zauna da dattawan zango ya ji labarin Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Mutane masu ɗimbin yawa suka watse, wasu a nan aka haife su, suka sayar da gida da shago a wulaƙance. Busia kafin ya zama firaminista farfesa ne a wannan kwalejin, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe kujerar farfesa a cikinta. Ban kawo wannan don in zargi makaranta ba, Nijeriya ma ta yi wa mutanen Gana irin haka a 1983. Na kawo shi ne don mu ga inda masu yanke hukunci a kanmu suke fitowa. Haka dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa ta kuma ɗora wa baƙo mai son buɗe kamfanin saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya, mutane ne suka zauna suka rubuta ta, kuma da yawa daga masu irin wannan aikin a ƙasar nan ta Legon suka biyo. In mutum ya tashi bai taɓa cin kwano ɗaya da ɗan zango ba, kalmar baƙo a wurinsa rubutu ce a takarda. In kuwa ya yi shekara uku yana aron cajar waya wurin ɗan mai albasa, ya je sunan ƙanensa a Nima, to in aka ambaci baƙi akwai fuskar da zai gani.

Kada Hajiya ta ɗauka na zo tallan makaranta ne. Zumuncin gida yana da muguwar fuska, kuma tsoron maigidanki ba na banza ba ne. A watan Agustan 2022 ɗaliban Commonwealth da na Sarbah, waɗanda suka daɗe suna takun saƙa, suka yi arangama har aka ƙona mota, aka kuma ɗauke gunkin Mensah Sarbah daga inda yake. Hukumar jami'a ta yanke cewa tsofaffin ɗalibai maza na gidajen biyu su bar ɗakunansu a ba sababbin shiga, magana ta kai har kotu, ƙungiyar tsofaffin 'yan Commonwealth ta tsaya bayan yaranta. Wasu sun ga hakan a matsayin kishin gida, ni dai na ga dattawa da ya kamata su ja kunne suna kare abin da bai karu ba. Mu ma muna da irinsu a kasuwa, wanda in yaron garinsu ya ci amana sai ya ce a rufa asiri don namu ne. Sannan shi wannan sanin juna da na yaba, in aka bar shi ba linzami, shi ne ke komawa a ba ɗan gidanmu aiki a bar wanda ya fi cancanta. Wanda aka fi bari a baya kuwa shi ne wanda ba shi da kowa a ciki, mu ke nan.

Da na je wa yayana da sabon ra'ayi, ransa ya ɓaci. Ya ce mace ta juya ni. Na ce, “Yaya, a yi haƙuri, ba juyawa ba ce, tambaya ta yi mini na rasa amsa.” Muka yi sharuɗɗa. Gidan Volta za ta nema, na mata zalla, in ba a samu ba sai a sake shawara. Duk Juma'a da yamma ta dawo gida sai Lahadi. Ni da uwarta mu je mu ga ɗakin, mu ga abokan zamanta, mu karɓi lambar iyayensu. Ta nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi tun makon farko, tunda akwai masallaci a cikin jami'ar, ga kuma yaran Madina da Nima da muka san gidajensu. Allah ya taimake ta ta samu gadon, domin gadajen ba su kai yawan masu nema ba, ranar da aka buɗe shafin intanet na nema tun kafin asuba take zaune da wayar ƙaninta da tata.

Ranar da muka kai ta ban manta ba. Na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, na tsaya a gaban ɗakin karatu na Balme, wanda aka sa wa sunan shugaban kwalejin na farko, ina kallon farin gini da jan rufi da hasumiyar agogo. Shekara ashirin da wani abu ina wuce ƙofar nan a mota, ban taɓa shiga ba. Ni da na tsaya a aji uku na kwaleji a Nijar na bar lakwal na bi motar albasa, sai na ji kamar za a zo a tambaye ni me nake nema. Ba wanda ya tambaye ni. Mahaifiyar abokiyar ɗakinta, wata 'yar Ewe mai sayar da kifi a Keta, ita ma haka take ta waige-waige. Muka gaisa da guntun Turancinmu, ta ce in riƙa duba mata 'yarta tunda ni ne kusa. Nan take na ga na zama maigida ban shirya ba.

Zangon farko bai yi daɗi ba, gaskiya a faɗe ta. Yarinyar da ta saba a tashe ta sallar asuba a kuma ce mata ɗauki littafi, ta samu kanta ba mai ce mata komai. Ta shiga wannan kwamiti ta shiga wancan, yau taron gida, gobe muhawara, jibi an tafi kasuwar dare cin ƙosai da hira har sha biyu. Sakamako ya fito ya yi ƙasa. Yayana bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, kuma kallon ya fi magana ciwo. Na zaunar da ita na ce, “Kin ga wannan kuɗin gadon? Buhun albasa kaza ne. In zango na biyu ya fito haka, trotro na nan bai mutu ba.” Ta yi kuka ta ce, “Baba, ka ba ni zango ɗaya.” Wadda ta gyara ta ba ni ba ne. 'Yar mai kifin nan ce, wadda ke tashi ƙarfe huɗu ta yi addu'arta ta Kirista ta buɗe littafi, ta riƙa tashin tawa ta ce je ki yi alwala lokacinku ya yi. Da azumi ya zo ita ke tsaya mata a layin abinci kafin a sha ruwa.

Ita ce kuma ta jawo abin da ya sassauta zuciyar yayana. Tarihi take karanta, wata rana ta ja 'yata zuwa Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar, wadda Nkrumah ya buɗe a 1963, ta ce zo ki karanta mini wani abu, rubutunku ne. A can akwai tarin rubuce-rubucen malaman ƙasar nan na Larabci da ajami da aka tattaro daga garuruwa. A cikinsu har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga zamanin cinikin goro, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Krachi, ya rasu a can a 1934. Yarinya ta dawo gida ranar Juma'a tana ba mu labari a gaban baffanta. Yayana, wanda kullum cewa yake ba abin da ke cikin makarantar boko da ya shafe mu, ya yi shiru, can ya ce, “Ajami? A Legon?” Ta ce, “Wallahi Baffa, da idona na gani.” Bai ce ya sauko ba, dattijo ba ya faɗin haka. Amma da za ta koma ranar Lahadi shi ya ba ta kuɗin mota.

Don adalci sai in faɗi labarin ɗansa. Shi ma Legon ya yi, shekara huɗu yana zuwa daga gida, da an tashi daga lacca ya wuce shago ya karɓi mahaifinsa. Ya fita da sakamako mai kyau, bai taɓa shiga rigima ba, kuma yau shi ke riƙe da littafin cinikin gidansu, ya shigo da tsarin da ya toshe ɓarakar da ta daɗe tana cin su. Ba wanda zai ce ya yi asara. Sai dai da bakinsa ya gaya mini cewa in aka ce ya lissafa waɗanda zai iya kira cikin dare daga ajinsu, yatsun hannu ɗaya sun ishe shi. Lokacin bautar ƙasa abokan karatunsa suna ta gaya wa juna inda ake neman mutane, shi sai bayan an rufe yake ji. Ya ce, “Kawu, na yi karatu a Legon amma ban zauna a Legon ba.” Saboda haka ko wanda hali bai ba shi damar biyan gado ba, kada ya ce da an tashi daga aji yaro ya rugo shago. A bar masa yamma biyu ko uku a mako ya shiga ƙungiya, ya buga ƙwallo, ya zauna a yi musu da shi. Shagon ba zai rushe ba.

Abu ɗaya kuma da ya kamata iyaye su duba tun yaro na sakandare shi ne takarda. Haihuwa a Gana kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. A tsarin mulkin 1992 sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Nawa yaran ta wajen uwarsu suka samu, don ita da iyayenta 'yan nan ne. Wanda ba shi da wannan, a matsayin ɗalibin ƙasar waje za a ɗauke shi, kuɗin makarantarsa da dala ake lissafawa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Na san gidajen da sai da gurbi ya fito suka gane haka. A zauna a yi lissafi da wuri, a kwatanta da jami'o'in gida, Yamai ko Zariya ko Kano, su ma suna da nasu gidajen kwana da nasu zumuncin, kuma yaron da zai koma gida da zama wataƙila can abokan suka fi yi masa amfani. Abin da nake roƙo kawai, kada a bi ta hannun masu cewa kawo kuɗi in yi maka takarda. Ƙaryar takarda takan jira sai mutum ya zama wani abu sannan ta fito.

Su kuma yaranmu da suka riga suka gama, ina da ƙorafi a kansu. Da yawa in sun karɓi digiri shi ke nan, ba sa biyan kuɗin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ba sa zuwa taro, suna ganin abin na masu kuɗi ne ko na masu shan giya. To in ba ka je ba, ranar da ake maganar wa za a ba tallafin karatu, ko wace makarantar unguwa za a kai wa littattafai, wa zai ambaci zango? Ba dole ka zauna har lokacin da kwalabe za su fito ba. Ka je, ka gaisa, ka biya naka, a san fuskarka, in magariba ta yi ka nemi wuri ka yi sallarka. Haka muke yi a taron 'yan kasuwa da ba na Musulmi zalla ba, kuma ba abin da ya ragu a jikinmu.

Hajiya, ban san maigidanki ba, ban kuma san 'yarki ba. Akwai yarinyar da in aka sake ta sai Allah, uwa ta fi kowa sanin tata. Amma kafin ku yanke, ki roƙe shi ku shiga mota ku je ku ga wurin da idonku, ku shiga masallacin, ku tsaya a ƙofar Volta ku ga yadda ake shige da fice. Daga Ashaiman kuma ba kamar Madina ba ne, yarinyar da ke da lacca ƙarfe bakwai da rabi sai ta bar gida cikin duhu, ta dawo cikin duhu, shi ma wannan abin dubawa ne in tsaron mutuncinta ake magana. Sannan ki yi masa tambayar da aka yi mini, a lokacin da yake cikin nishaɗi, ba a gaban mutane ba.

Tawa yanzu tana shekarar ƙarshe. Juma'ar da ta wuce ta zo da ƙawaye uku, 'yar mai kifin da wata 'yar Kumasi da wata daga Wa, uwarta ta tuƙa musu tuwon zafi da miyar ayoyo suka cinye tas har da neman ƙari. 'Yar Kumasin ta ce mahaifiyarta na da gidan abinci a Adum, tana sayen albasa buhu-buhu kowane mako, kuma mai kawo mata ya fara wasa da ita. Na karɓi lambar. Ranar Talata na ɗora mata buhu shida a motar Kumasi, na ce ta biya in ta sayar. Maganar bashin kaka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.